Kowa Ya Ci Ladan Kuturu

 Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya tun ƙarshen shekarar 2022, na yi ta juya ta a zuci ina jin nauyin fitar da ita, domin laifin da ke cikinta nawa ne, kuma ta taɓa gidan surukaina. To amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ga yaranmu na zango da yawa yanzu sun kama harkar rubutu da koyarwa ta waya, wasu suna koyar da ɗinki, wasu girki, wasu lissafi, kuma ramin da na faɗa yana nan buɗe a gabansu. Shi ya sa na roƙi Edita ya ba ni fili.

Waɗanda suka san ni a Kumasi sun san malamin makaranta ne ni, kuma tun ina kwalejin horon malamai nake da ƙulafucin kiɗa. Da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, yara suka yi ta gararamba a lungu har zuwa Janairun 2021, sai mu huɗu muka haɗa kai muka buɗe wata 'yar mujalla ta koyar da kiɗa, wadda ke fita wata-wata ta intanet, mutum ya karanta a wayarsa ya kuma saurari misalin sautin. Da ni, da wani abokina malamin lissafi wanda yakan kaɗa fiyano a wuraren biki, da wata ƙanwarmu malamar Turanci wadda ke kula da ɓangaren Turancin, sai kuma wani yaro mai gyaran waya da ke ɗaukar mana sauti da hoto. Abin da muke koyarwa ba wani abu mai zurfi ba ne a farko: yadda ake ƙidaya bugu, yadda ake karanta do, re, mi, yadda ake riƙe makaɗi, yadda ake matse tsarkiyar kalangu a hammata har ya yi magana, da yadda ake ɗora yatsu a ramukan atenteben, wato sarewar gorar nan da ake koyarwa a makarantun ƙasar nan. Kafin shekara ta zagayo sai ga saƙonni daga Nima da Sabon Zango a Ankara, daga Tamale da Yendi, har da Lome.

Kowane abu da kuɗinsa. Akwai kuɗin data, akwai kuɗin mota zuwa wurin tsofaffin makaɗa, akwai goron da za ka ajiye wa dattijo idan ya ba ka awa biyu na lokacinsa. Albashin malamin makaranta kuwa kun san shi. Ana cikin haka sai wani Alhaji, kawun maiɗakina, mai shagon kayan lantarki a Adum, ya ji labarin abin da muke yi. Ya kira ni ya sa mini albarka, ya ba mu sabuwar waya mai kyamara mai kyau, ya kuma yanka mana sidi 300 duk wata. Wallahi bai gindaya mana sharaɗi ko ɗaya ba. Ina so a riƙe wannan, domin ba na son wani ya karanta ya ɗauka mugun mutum nake ba da labari. Mutumin kirki ne, ya biya wa marayu kuɗin makaranta da ba su ƙidayuwa, kuma ranar da aka haifi ɗana na biyu shi ya kawo ragon suna.

A shekarar 2022, kowa ya tuna yadda sidi ta faɗi warwas, tsadar kaya ta haura kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba. Tambayar da iyaye suka fi aiko mana a lokacin ita ce: wace fiyano za mu saya wa yaro mai koyo? Yamaha da Casio, waɗanda muka saba ambata, farashinsu ya fi ƙarfin talaka. Daidai lokacin Alhaji ya shigo da wasu fiyano masu araha, katan-katan, da wani suna da ban taɓa ji ba. Ya aiko yaronsa da guda ɗaya gidana, ya ce kyauta ce ga yara. Na kunna ta bayan sallar isha'i, na taɓa ta kamar na awa ɗaya, fitilunta suna walƙiya, ga sautin ganguna iri-iri a ciki, yarana suna ta tsalle. Washegari na zauna na rubuta shafi guda a fitowar watan Oktoba, na ce ga fiyanon da ta dace da mai koyo, ga shagon da ake samunta. Ban faɗi cewa mai shagon shi ke ɗaukar nauyinmu ba. Ban faɗi cewa surukina ne ba. Ban faɗi cewa tawa kyauta aka ba ni ba, kuma awa ɗaya kacal na yi da ita. Ba wanda ya ce in ɓoye, ni dai ban ga dalilin faɗa ba, kuma har ga Allah a ranar ban ji na yi wani laifi ba.

Akwai wata baiwar Allah mai sayar da wake da shinkafa a bakin ƙofar makarantarmu, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu. Babban ɗanta yana aji biyu na ƙaramar sakandare a lokacin, yaro ne mai kunne, in ya ji waƙa sau ɗaya sai ya fitar da ita a sarewa. Wata safiya a farkon Disamba ina cikin aji sai aka ce ana sallama da ni. Na fito na tarar da ita tsaye a rana, ta ɗauro fiyano a ka, an naɗe da zane. Ta sauke a gabana ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta ce, "Ticha, ni ban yi karatu ba. Yaron ne ya karanta mini, ya ce kai ka ce a saya. Na ce in dai Ticha ne ya faɗa, to shi ke nan. Adashina na kwasa, sidi 900. Yau sati shida, ta mutu. Na kai shagon sun ce wutar gidanmu ce ta ƙona ta."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma nemi in biya ta ba. Cewa ta yi in duba ko za ta gyaru. Na ce, "Iya, bar ta a nan, zan duba." Na koma aji na tsaya gaban allo da alli a hannu, na rasa abin da nake koyarwa.

Da yamma muka buɗe ta tare da yaronmu mai gyaran waya, muka ɗauko tawa ma muka gwada ta gwaji na gaskiya, irin wanda ya kamata in yi tun farko. Abin da muka gani ya ba ni kunya. Na'urar da ke rage ƙarfin wuta kafin ya shiga cikinta, wadda muke kira adafta, ba ta da nauyin kirki, kuma babu abin da zai kare fiyanon in wuta ta yi sama da ƙasa, alhali kowa ya san halin wutarmu tun zamanin dumsor. Maɓallanta 61 ne kamar yadda aka rubuta a kwali, amma sun fi na fiyanon gaske ƙanƙanta, ta yadda yaron da ya saba da su in ya hau babba yatsunsa za su riƙa faɗawa wurin da bai nufa ba. Ko ka danna a hankali ko ka danna da ƙarfi sautin ɗaya ne, wato yaro ba zai taɓa koyon sassauta hannu ba, wanda shi ne rabin kiɗa. In ka danna maɓallai da yawa lokaci guda sai wasu su yi shiru. Daɗin daɗawa, da muka auna sautin la da ma'aunin da ke cikin waya, wanda ya kamata ya tsaya a kan 440, sai muka ga ya kauce. Duk wannan minti talatin ya ɗauke mu. Ni da na yi shekara uku a kwaleji ana koya mini kada in sa wa yaro maki sai na duba aikinsa, na sa wa kaya maki ban duba ba.

Na je wurin Alhaji ranar Asabar. Ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka kawo lemo. Da na gama bayani na ce ina so in rubuta a mujalla cewa na yi kuskure, sai fuskarsa ta canza. Ya ce, "Malam, kai yaro ne. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya ba da sidi 900 ya san ba Yamaha ya saya ba. Da babu irin kayana, 'ya'yan talakawa ko taɓa fiyano ba za su yi ba har su mutu." Na ce, "Haka ne, Kawu." Ya ci gaba: "Kuma me ka yi wanda ba a saba yi ba? Kai da kake koyar da kiɗan Hausa, Shata bai yi wa mutane waƙa don sun ba shi mota da riga ba? Ɗankwairo fa? Narambaɗa ba a fadar Isa ya ci ya sha ba? Wa ya taɓa kiransu maƙaryata? Na taimake ku, kun yaba kayana. Zaman duniya ke nan."

Ban iya ba shi amsa a wurin ba, don ba a ja-in-ja da suruki, kuma gaskiya maganar ta shige ni. Na kwana ina juya ta. Ai kuwa kiɗanmu gaba ɗaya a kan kyauta ya ginu. Makaɗin fada na sarki ne, mai kalangu na mahauta ne tun asali, kowane makaɗi da ubangidansa. To me ya sa abin da ya halatta ga Alhaji Mamman Shata, Allah Ya jiƙansa, zai zama abin kunya gare ni?

Sai can wajen asuba na tuna da sanƙira. Duk wanda ya taɓa zama a filin kiɗa ya san aikinsa. In wani ya yi kyauta, ba a karɓa a ɓoye a cusa a aljihu. Sanƙira ne zai tsaya tsakiyar fili ya ɗaga kuɗin ko rigar sama, ya faɗi sunan mai bayarwa da na ubansa, ya faɗi adadin, wani lokaci har ya ƙara gishiri, sannan makaɗi ya juya kan waƙa zuwa gare shi. Kowa a filin ya ga kuɗin kafin ya ji yabon. Saboda haka in makaɗi ya kira mutum giwa, ba wanda zai je gida ya sayar da akuyarsa a kan wannan magana. Mai sauraro ya san kirari ne, ya san farashinsa, yana jin daɗin gwaninta ne kawai. Makaɗan nan ba su yaudari kowa ba, domin cinikinsu a fili yake tun daga farko har ƙarshe.

Ni kuwa da rigar malanta na fito. Matar nan ta yarda da maganata ne saboda ta ɗauka babu wanda ya ba ni komai, irin yardar da take yi in na ce ɗanta yana bukatar ƙarin darasin lissafi. Na karɓi kyauta irin ta maroƙi, na yi magana da muryar malami, kuma babu sanƙira a tsakani da zai ɗaga kuɗin sama ta gani. Da na rubuta a saman shafin cewa mai wannan shago kawun matata ne, shi ke biya mana data, kuma kyauta ya ba ni fiyanon, da yaron ya karanta mata haka, wataƙila da ta tambayi wani kafin ta kwashi adashinta. Wannan damar ce na hana ta.

Daga baya na gane cewa ciwon tsoho ne, kuma ba a zango aka fara shi ba. A Amurka, a ƙarshen shekarun 1950, an gano kamfanonin faifai suna ba masu gabatar da shirye-shiryen rediyo kuɗi a asirce don su riƙa sa waƙoƙinsu, mai sauraro yana zaton zaɓin mai shirin ne. Majalisar dokokinsu ta fara bincike a 1959, wani shahararren mai shiri, Alan Freed, ya rasa aikinsa a kan haka, kuma a 1960 aka gyara doka. Abin lura shi ne dokar ba ta hana karɓar kuɗi don sa waƙa ba, cewa ta yi dole a sanar da mai sauraro an biya. Wato su ma sanƙira suka nemo. A nan gida kuwa duk mun san soli, ɗan ambulan da ake miƙa wa 'yan jarida bayan taro da sunan kuɗin mota. Ƙungiyar 'yan jaridun Ghana ta fitar da ƙa'idojin aikinta tun 1994, kuma karɓar toshiyar baki na cikin abin da ta hana. Tsarin mulkinmu na 1992 ya kare editoci daga katsalandan na gwamnati, an kuma soke dokar ɗaure ɗan jarida kan ɓata suna a 2001. Duk wannan alheri ne. Amma babu wani sashe na tsarin mulki da zai kare ka daga kawun matarka wanda ya kawo maka ragon suna. Mu ƙananan masu rubutu na unguwa, gwamnati ba ta ma san da mu ba. Wanda zai lanƙwasa alƙalaminmu mutum ne da muke gaisawa da shi a masallaci, kuma yawanci ba zai ce uffan ba, mu ne za mu lanƙwasa da kanmu don kunya.

Muka zauna mu huɗu a ajina bayan an tashi. Zaman bai yi daɗi ba. Abokina malamin lissafi ya ce ina so in kashe mujallar ne don in wanke zuciyata. Ya ce in Alhaji ya janye, wa zai biya data? Ya ce mu yi shiru, mu daina ambatar fiyanon kawai, magana ta mutu da kanta. Ƙanwarmu malamar Turanci ita ta tsaya kai da fata. Ta ce shafin yana nan a intanet, gobe wata uwar za ta karanta ta saya, shirunmu ba zai goge shi ba. Ita ce ta kawo mana labarin wata mujalla ta Amurka mai suna Consumer Reports, wadda tun 1936 take gwada kaya tana gaya wa jama'a gaskiyarsu, ba ta karɓar talla, kuma da kuɗinta take sayen duk abin da za ta gwada. Muka yi dariya, don mu ko igiyar fiyano ba mu iya saya duk wata. Amma muka sami dabarar da ta yi daidai da aljihunmu: ba za mu ƙara rubutu a kan wani kaya ba sai ya yi kwana 30 a hannun yara a aji, ana kunnawa ana kashewa, wuta na ɗaukewa tana dawowa, kuma in da hali mu aro shi daga wanda ya saya da kuɗinsa. In mai shago ne ya kawo, to aro ne, za a mayar masa, kuma za mu faɗa a layin farko. Muka ce talla za mu karɓa, don ba mu da wata hanya, amma a cikin akwatinta daban, da kalmar Talla a sama da manyan baƙaƙe, kuma mai talla ba zai ga darasi ba sai ranar da kowa ya gani. Wanda kaya ya shafi danginsa ko ubangidansa, ba shi zai rubuta ba. Ni wannan ta fi shafa, har da darasin Asabar da nake koyarwa ana biyana, wanda da nakan saƙa sunansa cikin rubutu kamar ba da gangan ba.

A fitowar Janairun 2023 na rubuta gyaran, a daidai shafin da yabon ya fito, da girman baƙaƙe iri ɗaya. Na faɗi abin da muka gani a cikin fiyanon, na faɗi dangantakata da mai shagon ba tare da na kama sunansa ba, na ce wanda ya riga ya saya ya nemi adafta mai kyau kafin ta ƙone. Na kuma faɗi gaskiyar da ke cikin maganar Alhaji, cewa ga yaro ɗan shekara biyar mai wasa ba laifi, amma ga mai son koyo gara tsohuwar fiyano ta hannu mai cikakkun maɓallai, ko ma atenteben da ba ta cin wuta. Sidi 300 ba su ƙara zuwa ba daga wannan wata. Abokina malamin lissafi ya bar mu a watan Maris, ba da faɗa ba, ya ce aiki ya yi masa yawa.

Na ɗauka da mun rabu da kuɗin mutane mun zama 'yantattu. Wani dattijo mai goge ne ya nuna mini akwai sauran ubangida a kaina wanda ban san da shi ba. Mun je wurinsa muka ɗauki wani kiɗa da ya gada daga mahaifinsa, na dawo gida na rubuta shi da do, re, mi don masu koyo. Akwai wani sauti guda da ya ƙi zama, bai kai mi ba kuma ya wuce wanda ke ƙasa da shi. Na ce a raina hannun tsoho ne ya fara rawa, na gyara masa na rubuta mi. Da darasin ya fito, jikansa ya kaɗa masa a fiyano. Tsohon ya aiko a kira ni. Ya ce, "Ɗana, wannan da ka rubuta da sunana, na wane ne? Ba nawa ba ne." Ya ɗauko gogen, ya goga ƙaro a izgar, ya ja sautin nan sau biyar, kuma duk sau biyar ɗin wuri ɗaya ya faɗa, ko gashi bai kauce ba. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ni ne ban ji ba."

Goge tsirkiya ɗaya gare shi, ta gashin wutsiyar doki, kuma babu wasu matakai a wuyansa da za su tilasta wa yatsa tsayawa wuri kaza. Fiyano kuwa an raba tsakanin do da do na sama gida 12 daidai wa daida, abin da ya faɗo tsakanin gida biyu ba ta da shi. Kunnena da aka horar a kwaleji ya ɗauki ma'aunin fiyano shi ne gaskiya, duk abin da ya saɓa masa kuskure ne. Na tuna da Ephraim Amu, wanda ya gyara atenteben ɗin nan da muke koyarwa, yadda ya rabu da kwalejin Akropong a farkon shekarun 1930 saboda ya ƙi barin ɗaura zanen gargajiya da koyar da kiɗan gida, ya koma Achimota a 1934. Na tuna da Farfesa Kwabena Nketia na Legon, wanda ya rasu a 2019 bayan ya shafe rayuwarsa yana nuna cewa kiɗan Afirka yana da nasa tsari da za a auna shi da shi. Na karanta su duka don cin jarrabawa, amma sai da tsoho ya ja mini izga sau biyar sannan karatun ya shiga. Muka buga gyara na biyu. Tun daga ranar, duk darasin da muka ɗauko daga bakin makaɗi sai an mayar masa ya ji kafin ya fita, sunansa da garinsu da wanda ya koya masa suna sama, sautinsa na ainihi yana tare da rubutun, kuma inda do, re, mi suka gaza mukan sa alama mu ce a nan sai a bi kunne. Wannan ne kaɗai mutumin waje da muke bari ya ga darasi kafin fitowa, domin kayansa ne.

Sauran gwaje-gwajen sun zo da sauƙi bayan waɗannan. Gab da zaɓen Disamban 2024 wani ɗan siyasa ya aiko a ce mu yi darasin wata a kan waƙar kamfen ɗinsa, zai biya mana data ta shekara. Muka ce akwatin talla yana nan, darasi kuwa ba na sayarwa ba ne, bai sake aikowa ba. Wani malami kuma da nake girmamawa ya ce mu cire goge gaba ɗaya saboda abin da aka san shi da shi na bori da gidajen giya. Na je har zaurensa na saurare shi, na ce masa muna tace kalmomin da muke koya wa yara kuma za mu ci gaba, amma kayan kiɗan kansa ba za mu ɓoye wa yara shi ba. Ba mu daidaita ba, mun dai rabu da mutunci, har yanzu bayansa nake sallar Juma'a.

Kada in bar ku da zaton abin ya zo kyauta. Mujallar da take fita duk wata yanzu wani lokaci sai ta yi wata biyu. Masu karatu kaɗan ne ke turo ɗan abin da suka iya ta waya, sidi biyar, sidi goma, mukan buga jimillar da abin da muka kashe a ƙarshen kowace fitowa. Matar nan na biya ta kuɗinta daga albashina, sidi 150 duk wata har wata shida, da ƙyar ta karɓi na farko, ta ce ita ba bashi ta biyo ni ba. Ɗanta yanzu yana babbar sakandare, yana kaɗa wata tsohuwar Casio da muka samo masa a hannun wani mai coci. A gida kuwa maiɗakina ba ta taɓa ce mini na yi daidai ko ban yi ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Malam, da ka gaya mini kafin ka buga." Tana da gaskiya, wannan ma laifina ne. Shekara guda cur in na gaida Alhaji a wurin suna ko jana'iza, da yatsu biyu yake miƙo mini hannu.

A watan da ya wuce sai ga yaron shagonsa a ƙofar makaranta da kwali a ka. Ya ce Alhaji ya ce a gaishe ni, ya canza kamfanin da yake saro wa, ga sabuwa a gwada. Na ce ya koma ya gaya wa Kawu aro ne, kwana 30 za ta yi, ba ni zan rubuta ba, malamar Turanci ce, kuma abin da ta gani shi za ta faɗa. Yaron ya tafi ya dawo da yamma ya ce Alhaji ya ce ya ji, wai a gaya wa Malam ya cika taurin kai. Fiyanon tana cikin kabad ɗin ajina, yara suna hawanta kullum bayan an tashi. Yau kwananta 19. Adaftar tana da nauyi, sautin la ya tsaya daidai a kan 440, amma akwai wani baƙin maɓalli guda a ɓangaren hagu da ya fara maƙalewa tun ranar Talata, kuma malama ta riga ta rubuta shi a littafinta.